Masaƙa mai bene ta 'yan Sin: yaya take aiki, kuma tamu za ta iya?

Ɗan Masaƙi:

Assalamu alaikum. Ni ɗan masaƙi ne daga wajen Minjibir. Ɗinki nake yi a Kano yanzu, amma na taso ina taya Baba wadari, ina naɗa masa zare a kwarkwaro, kuma har yau in na je gida nakan karɓe shi in ya tashi salla.

Wani bidiyo na gani a Facebook ya hana ni sakat. Masaƙa ce ta katako a ƙasar Sin, tsayinta ya fi na ɗaki, mutum biyu ke aiki a kanta. Ɗaya yana ƙasa da ƙoshiya, ɗaya yana can sama a zaune yana jan igiyoyi. Abin da ke fitowa kuwa furanni ne da gajimare da tsuntsaye, launi iri-iri a layi guda, har da zaren zinariya. Da na nuna wa Baba, ya daɗe yana kallo, sai ya ce aikin na ƙasan ya gane shi, amma na saman nan shi ne malamin.

Me na saman yake yi? Ya yake sanin igiyar da zai ja? Sannan ko akwai dabarar da za mu ɗauko mu sa a tamu masaƙar? Baba fari da saƙi yake yi, ciniki kullum baya yake yi, kuma ba na son sana'ar nan ta ƙare a hannunsa.

Tsohon Ma'aikacin Kakuri:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka damu da sana'ar mahaifinka. Na yi aikin masaƙa a Kaduna har aka rufe, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Abin da ka gani saƙar alharini ce ta birnin Nanjin, wadda a da sarakunan Sin ke sawa. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2009. Masaƙar takan kai mita 4 a tsaye, tsawonta ya haura mita 5, kuma mutum biyun nan in sun wuni suna aiki, abin da suke samu bai wuce kamar santimita 5 ba.

A taku masaƙar allera biyu ce, wato jerin madaukan da ke ɗaga zaren tsaye in an taka. Ka taka wannan rabin zaren tsaye ya tashi, ka taka waccan ɗaya rabin ya tashi. Ba ka da ikon cewa zare na bakwai da na takwas kaɗai nake so su ɗaga. To wannan ikon shi ne dukkan sirrin. A masaƙa mai bene kowane zaren tsaye yana bi ta wuri biyu. Yana bi ta allerar gaba wadda na ƙasa ke takawa, ita ke saƙa jikin yadin. Yana kuma bi ta wani madauki a baya, wanda ke ɗaure da igiyar da ta hau sama, da ɗan nauyi a rataye a ƙasansa don ya maido shi in an saki. Na sama in ya ja, zaruruwan da furen ke buƙata a wannan layin kaɗai ke tashi. Na ƙasa sai ya ɗauki ƙananan kwarkwaro, kowane launi da nasa, ya zura ja a inda ake son ja, kore a inda ake son kore, ba sai zaren ya ƙetare faɗin yadin ba. Shi ya sa fure biyu da ke jere za su iya bambanta a launi. Kuma a kife ake saƙar, bayan yadin ne ke fuskantar masaƙin.

Amma ka gai da Babanka ka ce masa akwai malamin da ya fi na saman, kuma ba ya cikin bidiyon. Na saman ba da ka yake ja ba. Tun kafin a hau masaƙa, wani ya zauna da hoton furen, ya ƙirga shi zare bayan zare, ya ƙulla shi a jikin igiyoyi: layi na ɗaya waɗannan za su tashi, layi na biyu waɗancan. Na sama bin ƙullin kawai yake yi, ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshe ya sake daga farko. Ana iya kwance tarin igiyoyin nan a adana, bayan shekaru a sake ɗaurawa, furen ya fito yadda yake. Wannan mai ƙullin shi nake jinjina wa fiye da kowa.

Mai Shadda a Kwari:

Baba na Kakuri, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Ɗan'uwa, jikar masaƙar nan tana jikinka ranar Juma'a. A 1804 wani Bafaranshe a birnin Liyon, Joseph Marie Jacquard, ya fito da na'urar da ta sauke yaron nan mai jan igiya daga sama. Kati mai huda ya maye gurbin ƙullin igiya, kowane kati layi ɗaya. Furen da ke jikin shadda da irin wannan injin ake saƙa shi, har da Getzner da ake yi a garin Bludenz na Ostiriya, sai dai yanzu kwamfuta ce ke ba da umarni. Ka ɗaga shaddarka a rana ka duba: launi ɗaya ne, furen yana fita ne don a wani wurin zaren tsaye ne a sama, a wani wurin na kwance.

Ni dai gaskiya zan faɗa maka. Wa zai biya kuɗin santimita 5 a wuni? A shagona mutum kan yi rabin awa yana neman ragin dubu biyu.

Jikar Mai Gwado:

Alhaji mai shadda, a yi haƙuri, ban yarda da kai duka ba. Mai neman ragi ba shi ne mai sayen aikin hannu ba. A Fas ta Maroko har yanzu akwai masu saƙa da jan igiya, a Banaras ta Indiya ma ana saƙa wa amare sari da hannu, kuma ana saye.

Ƙanena, kar ka ɗauka dabarar baƙuwa ce gaba ɗaya. Kakata a Zariya gwado take saƙawa a masaƙar mata ta tsaye. In za ta sa ado, sai ta tsinci zaruruwan da take so da yatsa, ta zura siririn kara ta bar shi a ciki, don kar ta sake ƙirga a layi na gaba. Matan Bida da na Akwete ta Jihar Abiya sun yi nisa sosai a wannan. Karan nan da igiyar ɗan Sin aikinsu ɗaya, wato riƙe ƙirgan da aka riga aka yi. Ka je ka zauna da tsohuwar da ta iya, tun suna nan. Kakata ta rasu, mu jikokinta babu wadda ta ɗauka, kuma abin yana ci mini rai.

Ɗan Masaƙi:

Allah ya jiƙan ta, Yaya. Na gode muku duka. Alhaji, ba riga guda nake nufi ba, bakin hula da gaban riga nake tunani, inda ɗan ado kaɗan zai ɗaga kuɗin kaya. Baba na Kakuri, in zan gwada a masaƙarmu, ta ina zan fara?

Tsohon Ma'aikacin Kakuri:

Madalla, ka yi tunani mai kyau. Ba ka buƙatar bene, ba ka buƙatar yaro. Kuna da wata fa'ida ma: zarenku a miƙe yake da nisa har zuwa kunkuru, wato nauyin da ke riƙe ƙarshen zaren, kuma wannan aikin yana son fili a bayan allera don zare ya tashi bai tsinke ba.

Ka zana adon a takarda mai gida-gida tukuna, ƙarami, kamar dagi ko lu'u-lu'u, wanda layukansa mabambanta ba su wuce biyar ko shida ba. Kowane layi ka yi masa tasa allerar ta madaukai a kan ɗan kara, can bayan naku na asali, ka rataya ta da igiyar da za ta bi ta saman masaƙar ta sauko inda hannunka zai kai. Ka ɗaura zaren a rukuni, uku-uku ko huɗu-huɗu. Dole idon allerar gaba ya zama dogo, in ba haka ba za ta danne zaren da ka ja daga baya, bakin ba zai buɗe ba. Zaren ado ya fi na jiki kauri, kuma bayan kowane layin ado ka jefa na jiki ka buga da masefi, shi ke riƙe shi.

Abu ɗaya zai ba ku wahala. Ku kun saba naɗe kaya da yamma a shiga da su gida, igiyoyin nan kuwa in suka harɗe, wuni guda ba zai warware su ba. Ka nemi zaure ko rumfa mai rufi inda masaƙar za ta kwana a ɗaure. Ka fara da auduga mai ƙwari da launi biyu, in hannu ya faɗa ka ƙara na uku. Ka turo mana hoton bayan yadin tare da na gaban, a bayan zan gane ko ƙirganka ya yi daidai.