Manna sifoila da tef mai gam fuska biyu: abin da masu motoci a Katsina da Daura suka gani

Lawal, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla samfurin 2010, kuma na sayi sifoila, wato fiffiken adon da ake sa wa bayan mota, irin siririyar nan da take kwanciya a leɓen but, ba doguwa mai ƙafafu ba. Mai shagon ya haɗo mini da tef mai gam fuska biyu, ya ce shi kaɗai ya isa ya riƙe ta, amma bakaniken da nake kai wa mota ya dage cewa zafin Katsina zai narkar da gam ɗin, don haka a huda but a ɗaure ta da noti. Ba na son a huda mini ƙarfe idan akwai hanyar kauce wa hakan. Ina roƙon wanda ya taɓa mannawa da hannunsa, ko aka manna masa yana tsaye, ya faɗa mana abin da ya gani.

Abubakar, Daura:
Wa alaikumus salam, Malam Lawal. Tawa Honda Accord ce, kuma sifoilar da na manna mata ta ci bazara ta ci damina, ina bin hanyar Daura zuwa Katsina da ita ba tare da ko gefe ɗaya ya ɗaga ba. Na yi amfani da tef ɗin kamfanin 3M na jikin mota, mai ruwan toka da jar leda a bayansa. Aikin gaskiya yana wurin shirya ƙarfen. Na wanke but ɗin da sabulu, na bar shi ya bushe sarai, sannan na goge wurin da sifirit na kemis a tsumma mai tsabta har tsumman ya daina ɗauko datti, na kuma goge cikin sifoilar haka nan. Daga nan na ɗora ta ba tare da na ɓare ledar ba, na daidaita tsakiyarta da tambarin mota, na yi alama a gefe da gefe da salatif ɗin takarda na masu fenti. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce na ɓare ledar kaɗan a kowane ƙarshe, na lanƙwaso bakinta waje, na zaunar da sifoilar a kan alamar, sannan na riƙa jan ledar a hankali ina danna wurin da tafin hannu. Wanda ya ɓare ledar gaba ɗaya tun farko, da zarar tef ya taɓa fenti a karkace, gyara ya yi wuya.

Hajiya Binta, Ƙofar Marusa:
Ni labarina ya saɓa da na Malam Abubakar. An manna mini a wani wurin masu kayan adon mota da tsakar rana, jim kaɗan bayan an wanke motar an shafa mata man sheƙi. Tef ɗin da suka sa fari ne mai laushi kamar soso, wanda daga baya na gane irin na liƙa hoto a bango ne. Gefen dama ya fara ɗagawa, ƙura ta shige ƙarƙashi, kuma a kan hanyar Kano, bayan mun wuce Rimi, sifoilar ta fizge gaba ɗaya. Akwai mai babur a bayanmu, Allah ne kawai ya tsare ba ta same shi ba. Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta wuce ta ado, domin abin da ya tashi daga bayan mota a guje yana iya raunata wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Malam Ɗanjuma, mai gyaran jikin mota:
Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Abin da ya same ki shi ne abin da ake yawan kawo mana gareji, kuma kusan kullum dalilan ba su wuce man sheƙi da tef marar kyau ba. Man sheƙi an yi shi ne don kada komai ya kama jikin fenti, to ta yaya gam zai kama? Amma akwai abu na uku da mutane ba su lura da shi: sifoilar da ba a zuba ta daidai da but ɗin motar ba. Kafin a taɓa tef, a ɗora ta a duba ko haske yana ratsawa tsakaninta da ƙarfe. Idan sai an danne ƙarshenta da ƙarfi kafin ya taɓa but, to robar sifoilar za ta ci gaba da ƙoƙarin komawa yadda take dare da rana, kuma ita za ta yi nasara a kan kowane irin tef. Wasu sukan ninka tef biyu don cike giɓin, hakan kuma rauni yake ƙarawa.

Game da hudawa, Malam Lawal, ban yarda da bakanikenka ba a kan siririyar sifoila. Na ga but da yawa da tsatsa ta ci daga bakin hudar, ruwan damina yana ɗiga cikin but har wurin tayar safaya. Amma doguwa mai ƙafafu biyu ba na manna ta da tef ko nawa za a biya ni, saboda duk nauyinta da bugun iska suna taruwa ne a kan ɗan wurin da ƙafafun suka zauna. Ita noti ne maganinta, a shafa fenti a bakin hudar, a sa roba. Kuma ina roƙo a guji sufa gulu da gam ɗin gilashi, domin ranar cirewa da fenti suke tafiya.

Malam Sani, malamin kimiyya:
Ina goyon bayan Malam Ɗanjuma, kuma zan ƙara da abin da ya shafi zafi, tunda shi ne tsoron mai tambaya. Kamfanin 3M ya bayyana cewa tef ɗinsa mai gam fuska biyu da ake kira VHB ya fi son a manna shi tsakanin digiri 21 zuwa 38 na ma'aunin Salsiyos, kuma yana kai kusan rabin ƙarfinsa bayan minti 20, kashi 90 cikin ɗari bayan awa 24, sai cikakken ƙarfi bayan awa 72. Bayan ya kama, zafin rana ba ya narkar da shi. Matsalar tana lokacin mannawa ne, domin a watan Afrilu iskar Katsina kanta takan haura digiri 40, ƙarfen da ya yini a rana kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Ni da hantsi na manna tawa a inuwa. A lokacin hunturu kuwa matsalar ta juya: da asuba ƙarfe ya yi sanyi, gam ya taurare, ga ƙura tana sauka tsakanin gogewa da mannawa, don haka a yi aikin a rufaffen wuri, a ɗan ɗumama ƙarfen da na'urar busar da gashi. Bugun iska kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Idan gudu ya ninka daga kilomita 50 zuwa 100 a awa, ƙarfin iskar sau huɗu yake ninkawa, shi ya sa abin da ya zauna lafiya a cikin gari yake tashi a babbar hanya.

Nura, Ƙofar Ƙwaya:
Tawa ta kama da kyau, amma masu wankin mota suka saita bakin injin feshin ruwa a gefenta har ya ɗaga. A gaya musu tun kafin su fara, kuma a hana yara da 'yan dako buɗe but ta hanyar jan sifoila.

Abubakar, Daura:
Na manta da abu ɗaya. Idan cikin sifoilar baƙar roba ce mai santsi wadda ba a yi wa fenti ba, sifirit kaɗai ba ya isa. Akwai wani ruwa na ƙara kamun gam da yake zuwa a ƙaramar leda, ana shafa shi a jikin robar a bar shi ya bushe kafin a liƙa tef. Kada a goge wurin da fetur, yana barin maiƙo, tina kuma, ruwan da ake sirka fenti da shi, tana dusashe fenti.

Usman, Mai'aduwa:
Ni cirewa na yi, domin na sayi motar da tsohuwar sifoila da ta tsage. Na ɗumama wurin, na zura zaren kamun kifi a ƙarƙashi, na riƙa jan sa hagu da dama har ya yanke tef ɗin, sauran gam ɗin kuma na murje shi da yatsa. Fentin bai ɓaci ba, sai dai wurin da sifoilar ta rufe ya fi sauran but ɗin duhu saboda rana ba ta ci shi ba.

Lawal, Ƙofar Ƙaura:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗora ta kamar yadda Malam Ɗanjuma ya ce, ta kwanta daidai babu giɓi, amma tef ɗin da aka ba ni fari ne irin wanda Hajiya ta kwatanta, don haka zan nemi na jikin mota. Sauran tambaya ɗaya: makon jiya aka sake wa but ɗin fenti, shin zan iya mannawa yanzu?

Malam Ɗanjuma, mai gyaran jikin mota:
A'a, Malam Lawal, ka dakata. Sabon fenti yana bushewa a sama alhali ƙasansa bai gama ƙarfi ba, kuma tef mai kyau yana iya ɗago shi. Ni wata guda nake ce wa masu kawo mini aiki su jira, amma ka tambayi wanda ya yi maka fentin, tunda shi ya san irin wanda ya fesa. Ranar da ka manna kuma, ka bar motar kwana uku ba wanki ba doguwar tafiya.