Me ya sa katalis ɗina na molibdinom kabayid ke saurin mutuwa?

Hauwa'u: Salamu alaikum. Katalis shi ne sinadarin da ke hanzarta sauyin wasu sinadarai, nawa kuwa molibdinom kabayid ne (Mo2C). Ina aiki a kan gwayakol, ɗaya daga cikin sinadaran da ke fitowa idan an farfasa lignin, sinadarin da ke ƙarfafa itace. Burina in cire oksijin ɗin in samu finol da benzin. Da farko Mo2C ɗin yana aiki kamar me, amma bayan 'yan sa'o'i benzin ya ja baya, baƙin garin ya dunƙule a cikin bututun da nake gwajin. Abin yana damuna ƙwarai. In koma katalis na filatinam ne?

Dakta Sani: Wa alaikumus salam. Kada ki koma, Malama. Filatinam da nikel kan ɗura wa zoben benzin (kabon shida da ke haɗe a da'ira) haidirojin, ki tashi da saikuloheksen maimakon benzin, ga asarar haidirojin, ga tsada. Kabayid kuwa ya fi son tsinke haɗin kabon da oksijin, ya bar zoben lafiya lau. Tun 1973 masu bincike Levy da Boudart suka nuna tungstin kabayid, ɗan'uwan Mo2C, na iya aikin katalis irin na filatinam. Matsalarki, a ganina, oksijin da ruwan da ke fita su ne ke lulluɓe fuskar katalis ɗin, sai kuma dattin kabon.

Bashir: Yaya kike haɗa shi? Sabon kabayid na iya kama wuta a iska, shi ya sa ake ratsa masa oksijin kaɗan, kamar kashi 1 cikin 100, don ya yi masa siririn rufi. Kafin aiki sai kin sake gasa shi cikin haidirojin don cire rufin.

Hauwa'u: Molibdinom oksayid (MoO3) nake gasawa cikin iskar mitan da haidirojin har digiri 700 na Salshiyos. Na gode, Dakta. Zan fara gwada anisol, ɗan'uwan gwayakol, tunda oksijin ɗinsa ɗaya ne, na gwayakol kuwa biyu.