Ɗanyen fure na yaushi kafin la'asar, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar ƙawata wurin biki. Shekara shida ke nan ina shirya kamu da dina a Kano, kuma da furen roba kawai nake aiki. To bana wata Hajiya za ta aurar da 'yarta a watan Afrilu, ta ce ita sai ɗanyen fure, farin wardi irin na Kenya da ake nomawa a gefen tafkin Naivasha.

Na gwada da ɗauri biyu. A jirgi suka zo daga Legas, na yanke gindinsu a karkace, na tsoma a ruwan sanyi, janareta ya kwana yana aiki saboda na'urar sanyaya ɗaki. Duk da haka kafin la'asar sun sunkuyar da kai, bakin furen ya ƙone. Ga zafin Afrilu, kun san yakan wuce digiri 40.

Soson da ake soke furen a ciki don ya sha ruwa ne ban jiƙa sosai ba, ko tun a hanya suka galabaita? Wadda ta taɓa aiki da furen Jos, don Allah ya fi jure zafi? Na riga na karɓi kafin alƙalami, saura mako uku.