Kafin alƙalami da takardar neman biya: yaya ake shigar da su a manhajar lissafi?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum jama'a. Ana cikin saita manhajar lissafi ta ƙaramar sana'a, sai aka cije a wuri biyu. Kwastoma ya ba da aikin 1,000, ya ajiye 300 kafin alƙalami, ciko sai an gama. Wannan 300 ɗin ciniki ne ko mene ne? Sannan akwai tsofaffin takardun neman biya da ba a biya ba tun kafin zuwan manhajar. A dunƙule za a zuba su, ko ɗaya bayan ɗaya?

Mai_Alƙaluma

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin alƙalami ba ciniki ba ne. Kuɗin yana hannunka, amma bai zama naka ba tukuna: ko dai ka yi aikin, ko ka mayar wa mai shi. Ke nan bashi ne a wuyanka, kuma haka ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa, IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, take kallonsa.

Ka buɗe sabon asusu a rukunin basussukan gajeren zango da ake bin sana'ar, ka raɗa masa suna "Kafin alƙalamin kwastomomi". Daga nan ka je jerin kayayyaki da ayyuka, ka ƙirƙiri wani abu mai irin wannan sunan, ka ɗaure shi da asusun da ka buɗe. A nan ne ake yawan zamewa. Mutum ya bar abin a ɗaure da asusun ciniki, duk wahalar ta tashi a banza.

Ranar da 300 ya shigo, ka yanke rasit da sunan kwastoman, da wannan abin a kan layi. Banki ya ƙaru da 300, bashin da ke kanka ya ƙaru da 300, riba ko motsi ba ta yi ba. Ranar da ka miƙa aikin, sai ka fitar da takardar neman biya mai layi biyu: na farko aikin, 1,000, na biyu kafin alƙalami, −300. Ciniki zai nuna 1,000 cif, bashin kanka ya koma sifili, abin da kake bin kwastoma ya tsaya a 700. Haka aka saba yi a manhajar QuickBooks. Manhajar Xero kuwa tana da gurbin biyan gaba, wanda ake jinginawa da takardar idan ta fito.

Uwar_Littafi

Bayanin Malam Mai_Alƙaluma ya yi. Abin da zan ja kunne a kai shi ne shigar da kuɗi ɗaya sau biyu. Idan manhajar tana jawo bayanai daga banki, 300 ɗin zai sake bayyana a jerin masu jiran tantancewa. Kada ka ƙara shi a matsayin sabo, ka haɗa shi da rasit ɗin da ka riga ka yanke. In ba haka ba, littafi zai nuna 600 alhali banki yana nuna 300, kuma ba za ka farga ba sai ƙarshen wata.

Haka idan an tara kuɗin mutum uku, 200 da 450 da 700, aka kai banki lokaci guda. Banki layi ɗaya zai nuna, 1,350. Sai ka fara ajiye kowanne a asusun kuɗin da ba a kai banki ba tukuna, sannan ka haɗe su su zama zubi ɗaya. Idan kuma da kati aka biya 700, aka cire caji, 686 ya iso, ka rubuta an biya 700 cikakke, 14 ɗin ya tafi kuɗin da aka kashe. Kada a bar shi yana reto a kan kwastoma kamar bai cika biya ba.

Mai_Bincike

Tsofaffin takardu ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta, ranar da aka fitar da ita da ranar da wa'adinta ya cika. Idan ka dunƙule su, rahoton da ke nuna bashin da ya kwana 30, 60 ko 90 ya lalace, kuma ran da wani ya biya ba ka da takardar da za ka rufe. Wadda aka biya wani ɓangare, ragowar kawai za ka sa. In an riga an ƙirga cinikinsu a tsohon littafi, ka tura su asusun ma'aunin buɗewa, wato inda ake ajiye alƙaluman da aka ɗauko daga tsohon littafi, kada a ƙirga su karo na biyu. Tsohon kafin alƙalami ma haka, kowa da sunansa. Ka tabbatar jimillar ta zo daidai da tsohon littafi kafin ka shigar da komai sabo.

Ka kuma duba dokar harajin VAT ta inda kake. A ƙasashe da dama harajin yana hawa tun ranar da aka karɓi kafin alƙalami, ba sai an fitar da takarda ba.

Sabon_Shiga

Na gode ƙwarai. To idan kwastoma ya fasa fa?

Mai_Alƙaluma

Ya danganta da yarjejeniyarku. In za a mayar, ka fitar da 300 daga banki ta asusun kafin alƙalami, da sunansa, ciniki bai shiga maganar ba. In an rubuta tun farko cewa ba a mayarwa, ranar da ya fasa ka kwashe shi daga bashi zuwa kuɗin shiga. Kuma duk ƙarshen wata ka fitar da rahoton asusun, kwastoma bayan kwastoma. Duk sunan da aikinsa ya ƙare amma kuɗinsa yana nan zaune, an manta layin −300 ne a takardarsa, kuma ana nemansa da fiye da abin da ake binsa.