Taƙaitawa: taɓin hankali mai tsanani da inshorar lafiya ta kamfani

Jama'a, ga abin da na tattara daga doguwar muhawarar da aka yi kan ko inshorar lafiya ta kamfanoni masu zaman kansu tana biyan kuɗin jinyar mai taɓin hankali mai tsanani.

1. Kusan kowa ya yarda cewa babbar matsalar ita ce ciwon da mutum yake da shi kafin ya yi rajista. Kamfanoni da yawa sukan cire shi daga abin da za su biya, ko su sa wa'adin jira. Wasu suna biyan ganin likita, amma kwanciya asibiti da maganin da ake sha shekara da shekaru, sai mai shi. A nan ne iyalai suka fi jin jiki, wallahi.

2. A karanta takardar sharuɗɗa, a nemi amsa a rubuce kafin a biya ko kwabo.

3. Inshorar da ake samu ta wurin aiki ta fi sauƙin shiga, don a dunƙule ake yi wa ma'aikata rajista.

An rabu kan faɗin gaskiya game da ciwon a fom ɗin rajista. Wasu sun ce a ɓoye saboda tsangwama. Mafi yawa sun ce a'a, in kamfani ya gano zai iya ƙin biya ko ya soke yarjejeniyar. Ni ma ina tare da su.

Mazauna Amurka sun ce tun 2014 doka ta hana ƙin yi wa mutum inshora saboda tsohon ciwo. A Ingila kuwa kamfanoni suna cire tsohon ciwon, sai a dogara da NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati. Na gida Najeriya sun ba da shawarar a gwada tsarin NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ko na jiha, kuma kada a daina zuwa asibitin masu taɓin hankali, na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna, don jiran inshora.