Sauke mutum-mutumin Janar Lee: goge tarihi ne ko gyara shi?

Alhaji Baban Usman: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau bari in fitar da ita. A watan Satumba na 2021 hukumomin jihar Virginia sun sauke mutum-mutumin Janar Robert E. Lee daga birnin Richmond, abin da yake tsaye a wurin tun 1890. Kafin nan birnin New Orleans ya sauke irin waɗannan alamomi guda huɗu a 2017. Ni a wurina wannan goge tarihi ne, ba shi da wani suna. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin Kudu da suka ɓalle, ya ci rai sama da dubu 600, kuma Lee ne ya ja rundunar 'yan Kudu mafi ƙarfi a cikinsa. Ko a so shi ko a ƙi shi, an yi shi. Yau an sauke na cikin gari, gobe filayen daga za a shiga a tone duwatsun, jikoki su tashi ba su san an yi komai ba.

Auwalu: Wa alaikumus salam Baba. Da girmamawa, ban yarda ba. Mutumin nan ya ɗauki makami ne don a ci gaba da bautar da mutum kusan miliyan 4, masu fata irin tawa da taka. Kafin a sauke shi, jikokinsu suna wucewa ta ƙarƙashin dokinsa kullum in za su wurin aiki. Da ni ne a Richmond, da hannuna zan ja igiyar.

Alhaji Baban Usman: Ɗana, bi a sannu. Yawancin sojojin Kudu ba su mallaki bawa ko ɗaya ba. Talakawa ne manoma, an ce musu an shigo ƙasarsu da yaƙi, suka fita. Su kansu suna cewa 'yancin jihohinsu suke karewa.

Malama Hadiza: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne yawancin ƙananan sojojin ba su da bayi, amma ba su ne suka kira yaƙin ba. Waɗanda suka kira shi sun rubuta dalilinsu da hannunsu. Takardar ɓallewar jihar Mississippi ta faɗa ƙarara cewa matsayinsu a ɗaure yake da bauta. Mataimakin shugaban 'yan awaren, Alexander Stephens, ya tsaya a Savannah a watan Maris na 1861 ya ce ginshiƙin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba, kuma bauta ce ta dace da shi. Maganar 'yancin jihohi sai bayan sun sha kaye aka kambama ta.

Abin da na fi so ka duba shi ne shekarun da aka kafa gumakan. Mafi yawansu tsakanin 1900 da 1920 aka yi su, shekara arba'in, hamsin bayan yaƙi. A daidai lokacin ne jihohin Kudu suke ƙwace wa baƙaƙe ƙuri'a, bayan Kotun Ƙoli ta halatta wariya a 1896. Da yawa kuma a ƙofar kotu aka dasa su, ba a maƙabarta ba. Baƙin mutum ya zo neman haƙƙinsa, kafin ya ga alƙali sai ya fara ganin sojan da ya yi yaƙi don ubansa ya zauna bawa.

Injiniya Kabiru: Ku ba ni dama in sa baki, don ni a Maryland nake zaune, kuma na kai yarana filin daga na Gettysburg, a jihar Pennsylvania, sau biyu. Alhaji, tsoron da kake ji game da filayen daga na fahimce shi, amma abu biyu ne kake haɗawa wuri ɗaya.

A Gettysburg an gwabza kwana uku, 1 zuwa 3 ga Yuli 1863. Waɗanda suka mutu, da masu rauni, da waɗanda aka kama ko suka ɓace, sun kai wajen dubu 51. Yau akwai alamomi sama da 1,300 a filin. Abin da ya fi taɓa ni ba manyan ba ne. Wasu 'yan duwatsu ne gajeru a cikin ciyawa, ba su kai turmi tsayi ba, in ba ka lura ba sai ka yi tuntuɓe da su. An sassaƙa wa kowanne haruffa biyu, ɗaya yana nuna inda sahun bataliya ya ƙare ta dama, ɗaya ta hagu. Na sa babban ɗana ya tsaya a kan ɗaya, ni na taka zuwa ɗayan, muka ga 'yar tazarar da ɗaruruwan mutane suka cushe a ciki ana yi musu ruwan harsashi. Yaron nan bai ƙara magana ba har muka koma mota.

Kuma tsoffin sojojin ba su ɗauki wurin dasa dutse da wasa ba. Bataliya ta 72 ta Pennsylvania sai da ta kai ƙara har kotun ƙolin jihar, a kan 'yan taku kaɗan, don a bar su su kafa nasu a bakin katangar duwatsun da aka yi artabu. Suka kuma yi nasara. Irin wannan dutsen cewa yake yi, a nan aka yi. Na Richmond kuwa ba a yi wata gwabzawa a gindinsa ba. An ɗora mutum ne a sama don a ɗaga kai a dube shi.

Alhaji Baban Usman: To Injiniya, ai a Gettysburg ɗin ma an ce akwai Lee a kan doki. Shi ma a sauke shi ke nan?

Injiniya Kabiru: Akwai shi, jihar Virginia ce ta kafa a 1917. Ni dai ba zan so a taɓa shi ba. Yana tsaye ne a kusa da inda Lee ya kalli farmakin rana ta uku, lokacin da ya tura mutum wajen 12,500 su ratsa buɗaɗɗen fili, kilomita ɗaya da ɗoriya, zuwa bakin igwa. Na taka wannan filin da ƙafata da rana tsaka. Akwai shingen katako a bakin wata hanya a tsakiya, wanda dole sai sun haura shi ana harbinsu. Kusan rabinsu ba su koma lafiya ba. In ka tsaya a gindin mutum-mutumin ka hangi ɗan kurmin bishiyoyin da suka nufa, kai da kanka za ka gane girman kuskuren da ya tafka.

Auwalu: Yaya Kabiru, a nan muka rabu. Allon ƙarfe mai rubutu zai iya nuna maka inda ya tsaya. Me ya kawo doki da tagulla da tsayin da ya fi gidan sama? Wannan girmamawa ce, ko a gari take ko a daji. Kuma rundunar nan da ta shigo Pennsylvania ta kama baƙaƙe 'yantattu a hanya ta kora su Kudu a sayar. Ina dutsensu?

Injiniya Kabiru: Wannan tambayar taka ta same ni, ƙanena. Abin da na gani mafi kusa da amsa shi ne wani ɗan farin gida ƙarami a kan tudun da sojojin tarayya suka tsaya. Na wani baƙin manomi ne ɗan 'yanci, Abraham Brian, mai gona eka 12. Da ya ji rundunar Lee na tafe ya kwashe iyalinsa ya gudu, don ya san abin da zai same su. Ya dawo ya tarar an ragargaza masa gida da gona. Ya nemi diyyar dala 1,028, aka ba shi dala 15. Na zauna a gefen gidan na kusan rabin awa ina kallo, motocin baƙi suna ta wucewa, kaɗan ne suka tsaya.

Malam Nasiru: Jama'a, ni ta wata fuskar nake kallon abin. Mun san yadda mutanen Annabi Nuhu suka fara. Su Waddu da Suwa'u mutanen kirki ne, da suka rasu aka yi siffofinsu don tunawa, da zamani ya ja aka manta dalili aka koma girmama siffar. To in haka ta faru da salihai, ina ga wanda ya kare bauta? Alhaji, tarihi a rubuce yake a littafi da takardun gwamnati. Gunki ba ya karantar da kowa, so yake sawa a zuciya.

Alhaji Baban Usman: Allah gafarta Malam, ban musa maka ba ta fuskar addini. Amma mutanen nan ba Musulmi ba ne, da ma'auninsu nake auna su. Kuma talaka ba ya shiga ɗakin ajiye takardu. Abin da ya gani a hanya shi yake sa shi tambaya.

Malama Hadiza: To ai a nan gizo ke saƙar, Alhaji. In abin da ya gani a hanya ƙarya aka rubuta a jikinsa fa? A Gettysburg ɗin da Injiniya yake yabo, dutsen jihar South Carolina yana cewa 'ya'yanta sun tsaya a wurin ne saboda imaninsu da tsarkin 'yancin jihohi. Ba a ambaci bawa ba ko sau ɗaya. An kafa shi a 1963, shekarar da Martin Luther King ya yi babban gangaminsa a Washington, shekarar da aka sa bam a wani coci a Birmingham aka kashe 'yan mata huɗu. Wannan dutsen labarin 1963 yake bayarwa, ba na 1863 ba.

Ga kuma wani abin. Janar James Longstreet shi ne na hannun daman Lee a Gettysburg, shi ne ma ya ba shi shawarar kada a kai farmakin nan. In da tarihi ake son adanawa, da gumakansa sun cika Kudu. Amma bayan yaƙi ya karɓi sabon tsari, ya shiga jam'iyyar Lincoln, shugaban da ya jagoranci tarayya a yaƙin, har ya jagoranci dakarun da ke da baƙaƙe a ciki a New Orleans a 1874 suka fuskanci 'yan wariya. Sai 'yan uwansa suka juya masa baya, suka ɗora masa laifin shan kaye. Bai samu mutum-mutumi a Gettysburg ba sai 1998, shi ma a ƙasa yake cikin bishiyoyi, ba dakali a ƙarƙashinsa. Masu kafa gumakan nan zaɓe suke yi.

Shi kansa Lee, da aka gayyace shi Gettysburg a 1869 don a sa alamun inda rundunoni suka tsaya, ƙi ya yi. Ya rubuta cewa ya fi ganin hikima a bar miki ya warke, a shafe alamun rikicin.

Alhaji Baban Usman: Maganar Longstreet ban san ta ba, Malama, kuma ta yi mini nauyi. Na karɓa cewa ba don Allah aka kafa wasu ba. Amma ku amsa mini wannan. Mutum-mutumin Lee na birnin Charlottesville, wanda aka yi rikici a kansa a 2017 har aka kashe wata mata da mota, an sauke shi a 2021, sannan a 2023 aka narkar da shi. Narkarwa fa! In har gunkin shaida ne na zaluncin zamanin wariya kamar yadda kika ce, to an ƙona shaida ke nan. Me ya hana a kai shi gidan tarihi a rubuta a gefensa wanda ya kafa shi da dalilinsa?

Malama Hadiza: A wannan ina tare da kai fiye da rabi. Ni ma da gidan tarihi na zaɓa, a ajiye shi a ƙasa inda yaro zai tsaya kusa da shi ya karanta. Sai dai suna da yawa ƙwarai, kuma ba kowane gidan tarihi ne yake da wurin ajiye doki na tagulla ba.

Auwalu: Ni ban ga asara ba. Mutanen garin ne suka yanke, su ne suka zauna da shi kusan shekara ɗari.

Injiniya Kabiru: Ni abin da ya fi damuna ba wanda aka sauke ba ne, wanda ba a taɓa kafawa ba ne. Baƙaƙen sojoji wajen dubu 180 suka yi wa tarayya yaƙi. Bataliya ta 54 ta Massachusetts ta kai farmaki sansanin Wagner a gaɓar South Carolina ranar 18 ga Yuli 1863, aka kashe kwamandansu Robert Gould Shaw, 'yan Kudu suka jefa shi rami ɗaya da sojojinsa da nufin wulaƙanci. Yau teku ta cinye wurin, babu inda za ka tsaya ka ce a nan ne. Abin tunawa da su yana can Boston tun 1897. Babban abin tunawa da baƙaƙen sojojin gaba ɗaya kuwa sai 1998 aka buɗe shi a Washington.

Malama Hadiza: Kuma a cikinsu akwai namu. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne a Borno. An kama shi yana yaro aka ratsa Sahara da shi, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, daga ƙarshe ya isa Amurka yana ɗan 'yanci. A 1863 ya shiga bataliya ta 55 ta Massachusetts da ƙafarsa. Su ne waɗanda aka ce za a biya dala 10 a wata a cire 3 na kaki, alhali farar fata yana karɓar 13, suka ƙi karɓar ko sisi har sai da aka daidaita a 1864. Na tambayi ɗalibaina na aji uku ko sun taɓa jin sunansa, ba wanda ya ɗaga hannu, amma biyu sun san Lee.

Alhaji Baban Usman: Ikon Allah, ɗan Kukawa! Ni ma yau na fara ji. To ni dai ga inda na tsaya. Na cikin gari, na sassauta, masu garin su yanke, amma kada a narkar. Na filin daga kuwa kada a taɓa ko ɗaya, har na South Carolina ɗin. A dasa wani allo kusa da shi a rubuta abin da Stephens ya faɗa a Savannah, mai karatu ya karanta duka biyun.

Auwalu: Baba, allo ɗan ƙarami a gefen dutse mai tsayin mutum biyu, wa zai duƙa ya karanta? Ni har yanzu ina kan bakana game da dokin nan na 1917.

Injiniya Kabiru: Ka zo hutu ka same ni, ƙanena, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce daga gidana. Mu faro daga gindin dokin mu taka filin har gidan Brian, sai ka faɗa mini a can.

Auwalu: Na yarda Yaya, amma daga gidan Brian za mu faro.