Mastas a harkar jagorancin aiki ga 'yan kwamfuta: abin da na tsinta

To jama'a, ga abin da ya fito a taƙaice daga muhawarar da aka yi kan ko ya dace ɗan kwamfuta ya yi mastas a jagorancin aiki (project management). Yawanci sun ce kar ka gama digirin farko ka afka mastas kai tsaye, ka ɗan yi aiki tukuna, don wanda bai taɓa ganin aikin manhaja ya wuce wa'adi ba, kuɗi sun ƙare, mai aiki kuma yana ta ƙaro buƙatu, darasin kula da haɗari zai zame masa hadda kawai.

An ja sosai kan mastas ko satifiket. Masu goyon bayan PMP, wato satifiket ɗin ƙwararru a jagorancin aiki, sun ce ya fi arha da sauri, sai dai PMI, cibiyar da ke bayar da shi, na neman wata 36 na jagorancin aiki ga mai digiri, da awa 35 na horo. Sabon shiga ya fara da CAPM, satifiket ɗin PMI na masu farawa. Mai harin aiki a Birtaniya kuwa ya leƙa PRINCE2, wani tsarin jagorancin aiki mai satifiket da ake amfani da shi a can.

Ni dai shawarar da ta fi kwanta min ita ce ka duba kwasakwasan kafin ka biya, in babu Agile da Scrum (hanyoyin gudanar da aikin manhaja kashi-kashi a gajerun zango), babu aikin rukuni da za ku taɓa Jira (manhajar bibiyar ayyuka) da hannunku, gaskiya ka nemi wata makarantar.